Gwajin lens mai tauri: aiki ne ko lalube?

Yayan_Safiya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga ma'aikatan ido da ke wannan zaure, da duk wanda abin ya taɓa faɗo masa. Ƙanwata ce, shekararta 17. Tun tana ƙaramar sakandare ake canza mata tabarau kusan duk shekara, amma rubutun allo bai taɓa fita mata tas ba. Yanzu an ce keratokonus ne, wai tantanin gaban idonta ya yi siriri ya turo gaba, tabarau ba zai ƙara yi mata ba sai lens mai tauri da ake ɗorawa a kan ido. Muka je wani asibitin ido a nan cikin gari. Suka auna ta da na'ura, takarda ta fito da lambobi da launuka, na ce shi ke nan an gama. Sai ga likita ya jawo wani akwati cike da 'yan mitsi-mitsin lens. Ya sa wannan, ya shafa wani abu ruwan ɗorawa, ya kashe wuta ya leƙa, ya cire ya sa wani. Yarinya hawaye shaɓe-shaɓe. Abin da ya fi ɗaure min kai, akwai wanda ta ce da shi ta fi gani, har layin ƙasa ta karanto, amma ya ce ba shi zai yi mata oda ba. To in na'ura ta riga ta auna, gwaje-gwajen na mene ne? Ni dai abin ya yi min kama da lalube, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

DanRigasa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. In mutum ya san aikinsa sau ɗaya zai sa ya dace. Ku nemi wani wuri tun ba ku biya ba.

Maryam_MaiGwajinIdo:
Malam DanRigasa, a yi haƙuri, wannan shawarar za ta iya sa su bar wanda ya zauna ya yi musu aiki, su koma wurin wanda zai sallame su cikin minti goma. Yayan Safiya, wannan sana'ata ce, kuma abin da ka bayyana haka ake yinsa.

Keratomita, na'urar da ke yawancin ɗakunan gwajinmu, tsakiyar tantanin kawai take aunawa, wajen milimita 3, alhali faɗinsa ya kai milimita 11 da rabi zuwa 12. Wadda ta fitar muku da takarda mai launuka ta fi ta nesa ba kusa ba, amma ita ma siffar ido kaɗai ta sani. Ba ta san ko fatar idon Safiya a ɗame take ko sako-sako ba, ba ta san yadda take ƙiftawa ba, balle yawan hawayenta. Lens kuwa waɗannan ne ke juya shi. Lambar na'ura tana nuna mana wanda za mu fara ɗauka a akwati ne kawai.

A lafiyayyen ido lanƙwasar tantanin tana wajen milimita 7.8, kuma galibi lens na farko ko na biyu ne ke zama. A keratokonus za ka ga 6.8, 6.2, har ƙasa da haka, kuma tsinin ba a tsakiya yake ba, yawanci ya ɗan gangaro ƙasa. Lens ɗin akwatin kowanne ya bambanta da na kusa da shi da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Abin kamar wasa, amma a ƙarƙashin fitila bambancin a fili yake.

Ummu_Hanif:
Allah ya saka da alheri Likita. Shi wannan abin ruwan ɗorawar fa? An taɓa sa min shi da wani abu ya faɗa min a ido, na fyace majina na ga ta yi launi, sai da gabana ya faɗi.

Maryam_MaiGwajinIdo:
Hajiya, fuloresin ke nan. Rini ne, ba magani ba, kuma ta bututun hawaye ya gangara miki hanci, ba komai.

Lens mai tauri ba a kan tantanin yake zaune kai tsaye ba, a kan hawaye yake yawo. Hawayen da ke tsakaninsu shi muke son gani, kuma ba ya ganuwa sai an rina shi. In aka haska shuɗiyar fitila, inda hawaye ya taru sai ya yi kore shar, inda lens ya dafe sai wurin ya yi duhu, domin in kaurin hawayen ya gaza wajen maikiron 20 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ba ya yin haske. In ka ga kore ya cika tsakiya, wani lokaci har da kumfar iska a maƙale, lens ya yi zurfi, ya kama gefe ya bar tsakiya. In ka ga baƙin tabo a tsakiya da kore mai faɗi a baki, ya baje da yawa, yana danne tsakiya yana lilo. Abin da muke nema shi ne kore siriri da ya bazu daidai, da zobe mai haske a bakin lens wajen rabin milimita.

Sai motsi. In ta ƙifta, lens ya bi fatar ido sama da milimita ɗaya zuwa biyu, ya sauko a hankali ya tsaya a tsakiyar baƙin ido. Wannan motsin ne ke sabunta hawayen da ke ƙarƙashi. Tantanin nan ba jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, ta hawaye yake shaƙar iska. Shi ya sa lens ɗin da ya liƙe ba ya motsi ba ma sonsa, ko da mai shi ya rantse ya fi daɗi.

Yayan_Safiya:
Na gode Likita, wannan kam na fahimta. Saura batun wanda ta fi gani da shi aka ce a'a.

Bashir_Kawo:
Bari ni in amsa maka wannan, don a jikina na ji. Ina da keratokonus ido biyu. Lens ɗina na farko a wani gari aka yi min, ba zan kama suna ba. Ranar da aka sa min shi na fito na ga ganyen dogonyaro ɗai-ɗai, na ce wallahi wannan nake so. Ashe abin da ya sa nake gani tar ɗin, danne tsinin yake yana baje shi. Ana nan sai idon dama ya fara zafi da yamma, in na cire in ga fitilun motoci sun yi gashi-gashi fiye da da. Da na je wani wurin aka duba, aka ce saman tsinin ya goge, tabo ya fara fitowa. Tabon yana nan har yau, ko da sabon lens wannan idon bai kamo ɗan'uwansa ba. Ka kira likitan ka tambaye shi ko don ya danne tsini ne ya hana ta. In ya ce e, ka yi masa godiya.

Tsohon_Hannu:
Allah ya ƙara sauƙi, Bashir. Amma kada mu sa wa mutane tsoron duk wani taɓi. Na shiga wannan aiki tun ana sa lens ɗin PMMA, wanda iska ba ta ratsa shi ko kaɗan. Abin da aka koya mana, kuma har gobe ana yi, shi ne taɓi uku: lens ya ɗan shafi tsinin shafa mara nauyi, sauran nauyin ya sauka a gefe biyu. Duhun tsakiya kada ya wuce milimita 2 zuwa 3, bakinsa kuma dishi-dishi, ba mai kaifi ba. In ka ce sai ka ɗage lens gaba ɗaya daga tsini, ka shirya ganin kumfa, da gani da ya ragu, da lens da ke liƙewa kafin magariba. Binciken CLEK da aka yi a Amurka kan masu keratokonus, mutum 1,209 aka bi tsawon shekara 8, kuma mafi yawansu lens ɗinsu a baje yake. An ga alaƙa tsakanin sa lens da tabo, amma ba a tabbatar bajewar ce kaɗai sanadi ba. Wanda cutarsa ta fi tsanani shi aka fi sa wa lens a baje, shi ne kuma dama ya fi kusa da tabo.

Maryam_MaiGwajinIdo:
Baba, ban ƙi ta taka ba, ni ma taɓi uku nake nema. Sai dai daga wannan binciken aka samo hanyar da nake bi: in yi ta ƙara zurfi lamba bayan lamba har in kai lens na farko da ya ɗaga daga tsini sarai, sannan in dawo baya da 0.10. Ta haka na san iyakar taɓin, ba ƙiyasi na yi ba. Wannan ne ma cire wannan sa wancan ɗin da ya ba Yayan Safiya haushi. Inda na tsaya kai da fata shi ne yarinya 'yar 17 da cutar ke kan tafiya. Taɓin da yau ba shi da nauyi, in tsini ya ƙaro nan da wata shida ya zama danna.

Tsohon_Hannu:
Kan yara kam kin yi gaskiya. Shi ya sa ba na barin su su wuce wata uku zuwa shida ban gan su ba.

DanRigasa:
To na ji, na janye rabi. Amma ku gaya min, akwatin nan ido nawa ya shiga kafin na Safiya? In lokacin afolo ne fa?

Hajiyar_Barnawa:
Wallahi ka riga ni a baki. Ni ko ƙyanƙyami ma ya ishe ni.

Sani_Dakin_Gwaji:
Tambayar tana kan hanya, kuma wanke su aikina ne a inda nake. Da an cire lens daga idon mutum ba ya komawa raminsa. Sai an murza shi da sabulun lens, a ɗauraye, a jiƙa shi a haidirojin feroksaid mai kashi 3 cikin ɗari na awa 3, kamar yadda ƙa'idar 2018 ta ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ta tanada, a sake ɗauraye shi sosai da ruwan gishiri na asibiti, a busar, a ajiye shi a bushe. Ɗaurayar ƙarshen nan ba ta wasa ba ce, feroksaid in ya shiga ido sai mutum ya yi ihu. Wanda kuwa ya zo da jan ido da kwantsa ba a ma buɗe masa akwati, sai ya warke ya dawo. Hajiya, kina da 'yancin tambayar yadda aka wanke kafin a sa miki. Wanda ya ɓata rai don an tambaye shi, ki ɗauki jakarki.

Dalibi_BUK:
Salam manya. Ɗalibin gwajin ido ne ni a Jami'ar Bayero, na zo hutu gida Unguwar Rimi. A taimaka a duba min lissafi. Na gwada lens mai lanƙwasar milimita 7.80 da ƙarfin -3.00, na auna gani a kansa na samu -1.00, amma rini ya nuna ya ɗan baje, ina son in rubuta 7.70. Ƙarfin -4.00 zan sa?

Tsohon_Hannu:
A'a ɗana, -4.50. Ka manta da hawayen da ke ƙarƙashi, shi ma lens ne. Da ka ƙara zurfi sai hawayen ya yi kauri a tsakiya ya ƙara wa ido ƙarfin tarawa, dole ka biya shi da ragi. Duk 0.05 na milimita 0.25 ne na ƙarfi, 0.10 kuma 0.50. In bajewa ka yi sai ka juya lissafin.

Maryam_MaiGwajinIdo:
Ɗalibi, ka riƙe na Baba, amma ka sani wannan 0.50 ɗin a kusa da 7.80 yake aiki. A ido irin na Safiya ka ɗauko kalkuleta ka raba 337.5 da lambar. 6.50 zai ba ka 51.92, 6.40 kuma 52.73. Ka ga tazarar ta haura 0.75, ba 0.50 ba. Na biyu, in abin da ka samu a kan lens ya wuce 4.00, sai ka gyara shi saboda tazarar da ke tsakanin gilashin gwaji da ido. -6.00 a milimita 12 yana komawa wajen -5.50 in ya sauka a kan ido. Mafi sauƙi dai, in akwatin yana da 7.70 ɗin, ka sa shi ka sake aunawa.

Dalibi_BUK:
Na gode Anti, na gode Baba. Ɗaya ta ƙarshe, na ga wani ido da duhun ya kwanta daga hagu zuwa dama, kore sama da ƙasa.

Tsohon_Hannu:
Siririn ƙugu, faɗi a gefe biyu, kamar an kwantar da kalangu? Astigimatizim ne na tantani, lanƙwasar sama da ƙasa ta fi ta gefe. In bambancin bai kai 2.00 ba lens na kullum zai ɗauka. Daga 2.50 zuwa sama sai ya fara lilo yana zamewa, nan ka yi tunanin mai lanƙwasa biyu a baya.

Ummu_Hanif:
Kai jama'a, kun bar mu a tasha da lissafinku. Ni hawayen yarinyar ne ya tsaya min a rai. Ba maganin kashe zafi ne?

Maryam_MaiGwajinIdo:
Akwai Hajiya, ɗigo ɗaya na furofarakain, kuma ni ina sawa a gwajin farko, musamman ga mai keratokonus. Ba don tausayi kaɗai ba. Ido in yana ambaliyar hawaye rinin yana wankewa, lens yana ta shawagi, abin da ka gani ba shi ne gaskiyar zamansa ba. Ko da ɗigon ma sai an bar lens minti 15 zuwa 20 ya natsu kafin a yanke hukunci. Amma a asibiti kawai. Wanda ya samu kwalbar nan ya kai gida yana ɗigawa kullum, tantanin idonsa zai iya lalacewa gaba ɗaya bai ji zafi ba.

Tsohon_Hannu:
Ni kuma ba na sawa sai dole. Ina son mutum ya san abin da zai tarar tun ranar farko. In ka ɓoye masa, ranar da ya sa da kansa a gida sai ya ce an yaudare shi, ya jefa lens a durowa. In ce masa ya kalli ƙasa, ya rage zare ido, hawayen da kansa yake tsayawa.

Bashir_Kawo:
Baba, da ɗigon da babu, makon farko ji nake akwai tsakuwa a idona. Abin da mutane ba su sani ba, ba ƙwayar idon ce ke ƙorafi ba, fatar ido ce ke karo da bakin lens duk ƙiftawa. Da awa biyu zuwa uku na fara a rana, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yanzu tun safe har bayan isha'i yana ido, sai in zan kwanta nake cirewa. Abin da ban saba da shi ba har yau shi ne hunturu. Ka hau acaɓa daga Kawo zuwa Kasuwar Barci a watan Janairu, ƙwayar ƙura ɗaya ta shige ƙarƙashin lens, sai ka ce mai mashin ya tsaya ko ana ha-maza. Baƙin tabarau mai rufe gefe ba ya barin aljihuna, da ɗan ruwan lens da mazubinsa.

Hajiyar_Barnawa:
To alwala fa? Sau biyar za a yi ta cirewa ana sawa?

Bashir_Kawo:
Ba na cirewa Hajiya. Ina rufe ido gam in wanke fuska, in tsane ruwan kafin in buɗe. Malamai ba su wajabta shigar da ruwa cikin ido ba.

Sani_Dakin_Gwaji:
Ƙari a kan na Bashir: ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, na jarkar mai ruwa, har fiya wata, babu wanda ya halatta ya taɓa lens ko mazubinsa. Akwai wata ƙwayar cuta, akantamiba, da ke zama a ruwa. In ta samu ɗan gurzuwa a tantani ta shiga, magance ta wata da watanni ne, wani ma sai an yi dashe. Yawu kuma kada a fara. Na taɓa ganin wanda lens ya faɗo masa, ya lasa ya mayar.

Yar_Malali:
Kwalli fa? Kada ku ce mu daina don Allah.

Maryam_MaiGwajinIdo:
Ƙanwata, a sa lens tukuna sannan kwalliya, kuma a bar bakin fatar ido na ciki, nan ne ƙofofin man da ke hana hawaye bushewa suke. Garin kwalli in ya shiga ƙarƙashin lens mai tauri gurza yake. Na dutse kuma sau da yawa akwai dalma a cikinsa, wannan ma wata magana ce daban, musamman ga jarirai.

Yar_Malali:
Amma ai masu kwalliyar amare suna sa wa mutane lens mai launi ba wani gwaji ba wani rini, kuma lafiya lau.

Hajiyar_Barnawa:
Lafiya lau ina? 'Yar maƙwabciyata da jan ido ta yi zaman lalle, hotunan ma sai da aka gyara.

Sani_Dakin_Gwaji:
Wancan mai laushi ne, yana bin siffar ido, shi ya sa ake ganin kamar ba ruwansa da awo. Shi ma yana da lamba, yana matsewa, kuma wanda aka cire daga idon wata amarya aka sa wa wata, Allah dai ya kyauta. Hukumar ODORBN ce ke yi wa masu gwajin ido rajista a ƙasar nan tun 1989. Mai kwalliya ba ta cikin rajistar.

Mai_Kula_Da_Zaure:
A dawo kan tambayar Yayan Safiya. Batun amare a buɗe masa nasa.

Dakta_Aliyu_Mando:
Na karanta duka, kuma akwai abin da ba a taɓo ba, ni kuwa shi ya fi damuna. Yayan Safiya, tana yawan murza ido? Tana ƙarama farin idonta ya taɓa yin ruwan ƙasa-ƙasa, da ƙaiƙayi da kwantsa mai yauƙi, musamman lokacin zafi? Wannan borin idon ya yi yawa a yaranmu na Arewa, kuma murzar da yake jawowa tana cikin manyan abubuwan da ke tura keratokonus gaba. In ba a kwantar da shi ba, ko wane irin lens aka yi mata ba za ta iya zama da shi ba. Kada kuma a je kemis a sayo ɗigon da ke da sitiroyid don yana kashe ƙaiƙayi nan take. Yara da dama sun samu hawan jinin ido da yanar ido ta wannan hanya.

Na biyu, lens gani yake gyarawa, ba ya tsayar da cutar. Abin da ke tsayar da ita shi ne kuros-linkin: a jiƙa tantanin da ribofilabin, wato bitamin B2, a haska masa hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, don ya yi ƙwari. Likitocin Dresden a Jamus ne suka fitar da sakamakonsa a 2003. A hanyar asali ana son kaurin tantanin ya kai maikiron 400, lafiyayye kuwa yana wajen 540. Ma'ana in aka yi ta jira har ya sirance, damar tana iya wucewa. Mai shekara 17 wannan maganar ba ta jiran lens ya iso. Ku ajiye takardar nan mai launuka da kyau, da ita za a gwada ta gaba a ga ko tsinin na ƙaruwa. Ƙannenta ma a duba su.

Yayan_Safiya:
Dakta kamar ka san ta. Tun tana firamare take murzar ido da bayan hannu har sai ya yi ƙara, Mama ta yi faɗan ta gaji. Na kira likitan kamar yadda Bashir ya ce, kuma haka ne, wai wancan ya zauna a kan tsinin da nauyi. Ya ce wani lens mai suna Rose K zai yi mata oda, daga waje za a yanko shi. Maganar kuros-linkin ma ashe ya faɗa ranar, hankalina ne yana kan kuɗi. Zan kai ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna a ƙara dubawa a ji ta bakinsu. Ranar karɓar lens ɗin me ya kamata in lura da shi?

Maryam_MaiGwajinIdo:
Rose K sananne ne, wani mai gwajin ido ɗan New Zealand, Paul Rose, ya tsara shi musamman don keratokonus. Ranar karɓa kada ku yarda a miƙo muku a leda. Sai an sa mata, an sake rini, an sake auna gani, don wanda aka yanko ba lallai ya zauna sak irin na akwati ba. Kada ku fita sai ta sa da hannunta ta cire da hannunta, ta kuma iya dawo da shi in ya zame kan farin ido. Ku gaya mata ba inda zai je, bayan ido a rufe yake. Zuwa na biyu, bayan mako ɗaya ko biyu, shi ya fi muhimmanci, kuma ta zo da lens a ido ya yi awa huɗu ko fiye. A nan ne ake ganin abin da gwajin minti 20 ba ya nunawa: bushewa a gefe biyu na tantani, wajen ƙarfe 3 da ƙarfe 9 in ka ɗauki ido a matsayin agogo, ko shatin bakin lens, ko gogewa a kan tsini. A karɓi takarda mai lambobin lens ɗin duka, lanƙwasa da faɗi da ƙarfi da irin robar.

Bashir_Kawo:
Ta riƙa shimfiɗa tawul in za ta sa ko za ta cire, kuma ba a bakin rariya ba. Na dama da na hagu kada su haɗu, in da hali a yi su launi daban-daban.

Malama_Tudun_Wada:
Ni na kasa jure ƙaramin sam, fatar idona ta ƙi. Sai aka koma da ni babba wanda ke zama a kan farin ido, sikileral, faɗinsa ya kai milimita 16. Ana cika shi da ruwan gishiri kafin a sa, bai taɓa tsinin ko kaɗan, ƙura kuma ba ta shiga. Gwajinsa ma ya fi wancan cin lokaci, don sai an jira ya nutse a sake dubawa. Na faɗa ne don in ƙaramin ya gagare ta kada ku ce shi ke nan.

Tsohon_Hannu:
Haka ne Malama, akwai ma ɗora mai tauri a kan mai laushi. Amma a fara da ƙaramin, ya fi araha, ya fi sauƙin kulawa, kuma ruwan gishirin da ba shi da sinadarin adanawa ba kullum ake samunsa a garin nan ba. Ɗalibi, in kana nan: ranar da aka ɗauke wuta ka ɗauko fitilar Burton, wato ta hannu mai hasken UV, ka tuna robobin yanzu da yawa suna tare hasken UV, sai ka ga kamar babu rini a ƙarƙashi alhali yana nan. Ka jira janareto ka duba da shuɗin haske, ka sa matatar ruwan ɗorawa a gaba.

DanRigasa:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya gaya min, in an yanko daga waje da dala ya zo bai zauna ba, wa zai biya na biyu?

Sani_Dakin_Gwaji:
Ya danganta da kamfanin da ya yanka. Wasu suna ba da damar canji cikin wani wa'adi, wasu sai an ƙara wani abu, kuɗin aikowa kuma daban. Yayan Safiya ya tambaya yanzu tun ba a tura odar ba, a rubuta masa a jikin rasit.

DanRigasa:
To ka ji, wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita.

Abu_Sabon_Gari:
Salam, yanzu na shigo. Ɗana ne aka ce yana da irin wannan, shekararsa 12, muna Zariya. Yaro kamar wannan zai iya sa mai taurin, ko sai ya ƙara girma?